A-KORI-KURA MAI GAS: KADA A ƘARA MATA FAMFO SAI AN GANO CIWONTA

Daga Malamin Gona

Jama'a, a wannan mako ba zancen iri ko taki za mu yi ba, zancen mota za mu yi. Na san wani zai ce, ina ruwan Malamin Gona da aikin kanikawa? To, da ruwansa ƙwarai. Manomin da ya yi wata uku yana ban ruwa a fadama, ya sayi taki da magani, ya biya 'yan ƙwadago, in motar da ta ɗauko tumatirinsa ta mutu a daji ta kwana biyu cikin zafin rana, duk shawarar da muka ba shi tun daga reno har tsinka ta tashi a banza. Hatsi ya iya jira, amma tumatir da tattasai ba su jiran kowa.

Abin da ya sa na ɗauko zancen kuwa shi ne wata al'ada da ta shigo garejin ƙauyuka da na birane. Duk a-kori-kura mai shan man gas da ta fara wuyar tashi da safe, ko ta riƙa shaƙewa in ta hau tudu da kaya, sai ka ji bakanike ya ce, "A sa mata famfo." Nan da nan a yanka tiyon mai, a ɗaura wani ƙaramin famfo mai aiki da batir, a jawo masa waya, mota ta tashi, kowa ya yi murna. A Nijeriya dai masu fetur sun fi yawa cikin a-kori-kura, domin shekara da shekaru fetur ya fi gas araha saboda tallafin Gwamnati, wanda aka janye a 2023. Amma masu gas ɗin ma suna nan da dama a hannun manoma da 'yan kasuwa, balle 'yan'uwanmu na Nijar da Cadi da Kamaru, waɗanda a wurinsu mai gas ba baƙuwa ba ce. Ra'ayina a kan wannan al'ada shi ne, sau da yawa famfon nan rufe ciwo ya ke yi, ciwon kuwa yana nan yana ci ta ciki.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. A ranin bara wani dattijo cikin manoman da na ke zagayawa, mai tsohuwar Hilux mai gas, ya ga motarsa ta soma wannan hali. Da safe sai an yi ta murza makulli har batir ya gaji, sai kuma an danna famfon hannu sau ashirin ko talatin kafin ta kama. Ya kai ta gareji. Yaron da ya duba ta ya ciro famfo daga wata mataccen motar fetur ya ɗaura mata. Da ya ga mai yana tsattsafowa ta kan filta, sai ya cire filtar gaba ɗaya ya haɗa tiyo kai tsaye. Mota ta yi mako uku tana tashi da murzawa ɗaya, Alhaji yana ta sa wa yaro albarka. A mako na huɗu, tana ɗauke da kwandunan tumatir za ta kasuwa, ta mutu a hanya, ta ƙi tashi ƙememe.

Da na je yi masa jaje, bayan mun gaisa, na buɗe gaban motar na duba, na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ina filtar motan nan?" Ya ce, "Ai Malam, yaron nan ya ce sabon famfon ba ya son abin da zai tare masa hanya." Na yi shiru, domin ba a ƙara wa mai hasara zafi. Babban famfon motar, wanda kanikawa ke kira injekta, sai da aka kwance shi aka kai birni wurin masu gyaransa, aka tarar cikinsa ya cinye. Da aka bi sawun ciwon farko kuwa, me aka samu? Wani guntun tiyo da bai fi tsawon yatsa ba ya tsage kusa da tanki, robar cikin famfon hannu kuma ta bushe. Kuɗinsu duka biyu bai kai na kwandon tumatir ɗaya ba. Garin neman gira an rasa ido.

Domin mai karatu ya gane yadda haka ta faru, tilas mu bi man gas tun daga tanki. Tanki yana baya. Daga nan bututu ya bi ƙarƙashin mota ya zo gaba wurin filta, wadda a kanta a ke samun famfon hannun nan da a ke dannawa. Daga filta mai ya shiga injekta, injekta ya matsa shi da ƙarfi ya aika wa nozul, nozul su fesa shi cikin inji. Ba duk man da ya zo ne inji ke ƙonewa ba, ragowar tana komawa tanki ta wani bututu na biyu. Wanda ya saba da tarakta Massey Ferguson mai injin Perkins ya san akwai wani ƙaramin famfo a gefen inji, mai ɗan hannu da a ke kaɗawa in za a fitar da iska, shi ne ke ɗauko mai ya miƙa wa filta. To, tsofaffin injunan Toyota masu gas, watau 2L da 3L da 5L na Hilux, da 1HZ na Land Cruiser wanda ya fito a 1990, ba su da irin wannan famfo a waje. Injektan ne da kansa ke tsotso mai tun daga tanki, da wani ɗan famfo da ke cikin cikinsa.

Ga inda gizo ke saƙa. Bututun da a ke tura mai a cikinsa, in ya huje, mai zai ɗigo ka gani a ƙasa. Amma bututun da a ke tsotso ta cikinsa, in ya huje, mai ba ya fita, iska ce ke shiga. Ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin mota ka ga ko'ina a bushe, ka rantse babu yoyo, alhali kuwa inji yana shan kumfa. Da dare kuma, in mota ta kwana, iskar ta shiga ta wannan kafa, man da ke cikin bututu ya sulale ya koma tanki, shi ya sa da safe sai an sha wuya. Babu manomin rani da bai san wannan ba. In tiyon tsotso na injin ban ruwa ya huje, inji ya yi ta kuka ruwa bai hau ba, wa ya taɓa sayen inji na biyu ya haɗa a baya? Bin tiyon a ke yi da hannu har a sami hujin, a ɗaure shi, ruwa ya zo. Abin mamaki, mutumin da ya san wannan a bakin rijiya, in an zo kan motarsa sai ya manta.

Abu na biyu da ya kamata a sani, injektan irin waɗannan motoci ba ya da baƙin mai a cikinsa. Man gas ɗin da ke ratsa shi, shi ne ke sa ƙarafansa santsi, shi ne kuma ke sanyaya su. Ƙarafan nan an goge su sun dace da juna har tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Saboda haka ƙurar da ido ba ya gani ma tana kankare su, ruwa ya sa su tsatsa, kumfa kuma ta bar su suna gogar juna a bushe. Wanda ya cire filta domin mai ya wuce da sauri, daidai ya ke da wanda ya zuba hatsi da tsakuwarsa cikin injin niƙa don kada tankaɗe ya ɓata masa lokaci.

Gano ciwon kuwa ba ya bukatar na'ura. A samo guntun tiyo fari mai nuna abin da ke ciki, a sa shi na ɗan lokaci tsakanin filta da injekta, a ta da mota a duba. In ana ganin kumfa tana wucewa, iska na shiga daga baya. Sai a matsar da shi gaban filta, watau ɓangaren tanki. In kumfar ta ɓace, laifin na kan filta ne ko famfon hannu. In tana nan, a ci gaba da bi har tanki. Wata dabarar ita ce a zuba tsabtataccen mai a jarka, a tsoma tiyon filta a ciki a ja mota kaɗan a fili. In ta warke, ciwon yana tsakanin tanki da filta, ba ruwan injekta. Wuraren da a kan sami laifin ba su da yawa: tiyon da ya bushe ya tsattsage a bakinsa, zoben roba na filta da aka ɗaura a karkace, zoben jan ƙarfe na noti da aka kwance aka mayar sau biyar, bututun ƙarfe da tsatsa ta ci a inda laka ke maƙalewa, da 'yar rariyar da ke cikin tanki, wadda tsumma ko guntun leda kan toshe. Har wa yau akwai kafar da tanki ke numfashi ta cikinta. In ƙura ta toshe ta, ko zanzaro ya yi gini a ciki, mota za ta yi tafiya kaɗan ta shaƙe, in an buɗe murfin tanki a ji ya ja iska, fuu, sa'an nan ta tashi. Na taɓa ganin an kusa kwance injekta a kan ginin zanzaro.

Yanzu a duba abin da ƙarin famfo ke yi in ba a gyara waɗannan ba. In an ɗaura shi a gaba kusa da inji, kamar yadda akasari a ke yi domin nan ne hannu ya fi kaiwa, to, ƙara tsotso ya yi ta cikin tsagaggen tiyon nan, ya jawo mai da iska tare ya cusa wa injekta. Mota za ta tashi da wuri, gaskiya ne, amma kumfa tana nan. In kuwa filta ce ta toshe da datti, sai ya yi ta matsa ta, dattin da ta tare domin amfaninka yana neman hanyar wucewa.

Sa'an nan ga zancen ƙarfi, wanda shi ne ya kashe motar Alhaji. Mu auna da gejin mai faci, tun da kowa ya san shi. Tayar a-kori-kura takan sha iska 35 ko 40. Ƙaramin famfon da ya dace da irin wannan injekta bai kamata ya wuce 4 zuwa 7 ba a wannan awo, watau miƙo mai kawai zai yi a hankali. Amma famfon cikin tanki na motar fetur ta zamani yana turawa da ƙarfin 40 zuwa 60, ya kai ko ya fi iskar taya. Filta da famfon hannu an yi su ne domin tsotso, shi ya sa suka fara tsattsafo da mai. Injektan kuma da matsin man da ke cikinsa ya ke daidaita lokacin fesawa, in an ƙara masa matsi daga waje lissafinsa ya rikice. Bayan haka akwai sil, watau zoben roba da ke tare mai a wuyan injekta. In ya fashe, a wasu injuna man gas ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, a wasu kuma ya jiƙa bel ɗin taimin. Kowanne cikin biyun nan yana iya cinye inji ɗungum.

Kada a ce na hana ƙarin famfo sam. Yana da wurinsa, kuma wani abin da ya faru a Amurka ya nuna haka. A can akwai wata babbar a-kori-kura, Dodge Ram mai injin Cummins na lita 5.9. Waɗanda aka ƙera daga tsakiyar 1998 zuwa 2002 suna da injekta na Bosch mai suna VP44, wanda shi ma man gas ne ke sanyaya shi. Shi wannan tilas sai da ƙaramin famfo na lantarki mai miƙo masa mai, an kuwa ɗaura famfon a jikin inji, nesa da tanki, cikin zafi da girgiza. Famfon yakan raunana a hankali ba tare da direba ya sani ba, domin mota tana ta tafiya, sai ranar da injekta ya ƙone, a biya kuɗi mai yawa. Masu motocin suka koyi abu biyu. Suka riƙa sa geji a gaban direba mai nuna ƙarfin man da ke isa injekta, suka kuma mai da famfon baya kusa da tanki. Har kamfanoni suka tashi a kan wannan sana'a kaɗai, irin su FASS da AirDog, masu haɗa famfo da filta biyu a wuri guda. Daga 2005 masu ƙera motar da kansu suka sa famfon cikin tanki. Abin lura a nan shi ne, waccan mota da famfo aka haife ta, gyara masa zama kawai aka yi. Tamu kuwa ba a haife ta da shi ba, saboda haka sai da dalili.

Dalilin yakan samu. Wanda ya ƙara tanki na biyu can baya domin doguwar tafiya, ko ya ƙara filta ta biyu har tsotso ya yi wa tsohon injekta nauyi, ko mai aiki a daji inda a ke canja filta a kai a kai, yana so ya riƙa fitar da iska ba tare da wahala ba, waɗannan in sun sa famfo ban ga laifinsu ba. Amma a sa shi bisa ƙa'ida. Ya zama mai ƙaramin ƙarfi wanda aka yi domin man gas. A ɗaura shi kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, gama irin waɗannan famfuna sun iya turawa, ba su iya tsotso daga nesa ba. A kare shi daga duwatsu da ruwan hanya. A tabbata in ya mutu mai yana iya ratsa shi ya wuce, a hura da baki a gwada tun kafin a biya kuɗi, in ba haka ba ranar da ya ƙone shi ne zai zama toshiya, mota ta tsaya a kan abin da a da ba ta bukatarsa.

Zancen wayarsa kuma ba abin wasa ba ne. Na ga wanda aka jawo wa waya daga batir kai tsaye, ba fis, ba rile, aka naɗe mahaɗin da leda. Lalle a sa fis. Ya fi kyau kuma a haɗa shi yadda in inji ya tsaya shi ma zai tsaya, masu aikin waya sun san yadda a ke yi ta hanyar makunnin fitilar baƙin mai. Dalili, in Allah ya kawo tsautsayi mota ta kife, tiyo ya tsinke, makulli yana buɗe, famfon da ba shi da mai tsai da shi zai yi ta kwarara mai a kan inji mai zafi har tanki ya ƙare, da mutane a ciki. Allah ya kiyaye.

Ni dai in manomi ya zo ya ce, "Malam, ga ɗan kuɗi ina so in yi wa hanyar man motata gyaran da zai amfane ni," ba famfo zan nuna masa ba. Filta mai kwalba zan nuna masa, irin wadda ke tare ruwa, a ɗaura ta tsakanin tanki da filtar asali. Wannan ita ce canjin da na yarda da shi ba tare da jayayya ba, domin ciwon motocinmu na ƙauye ruwa ne da datti. Man da ya fito daga gidan mai ya shiga duro, daga duro ya shiga jarka, daga jarka ya bi mazurarin da ya kwana a ƙasa, kowane zango da abin da ya ke ɗauka. Ruwa ya fi man gas nauyi, sai ya kwanta a gindin kwalba ka gan shi da idonka, ka murɗe ɗan notin ƙasa ka zubar. In ruwa ya daɗe a tanki, wani baƙin yauƙi yakan tsiro a tsakaninsa da mai, shi ne ke toshe sabuwar filta cikin 'yan kwanaki har a ce jabu ce aka saya. Wanda zai haɗa kwalbar da famfo, to, kwalbar ce a fari, famfo a bayanta. In famfo ya riga, zai kaɗa ruwan da man su gauraye kamar an dama fura, kwalbar ta kasa raba su. Kuma ƙari ce a kan filtar asali, ba a cire waccan.

Amma fa kwalba ba ta gyara mugun mai. Man da aka gauraya da kananzir ba shi da santsi, haka man da a ke dafawa a ɓoye a dazuzzukan Neja Dalta, babu filtar da za ta mai da su nagari. Farar wutar da ke cikin mai ma ba ta tacewa. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta tona yadda a ke kawo wa Afirka ta Yamma man gas mai farar wuta da yawa, a lokacin dokar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, ta Turai kuwa 10 kacal. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Wannan aikin hukuma ne. Naka aikin shi ne ka san inda ka ke sayen mai.

Abin da aka koya mana a makarantar aikin gona game da man tarakta, shi ne dai na mota. Duro in an kawo shi a bar shi ya kwana ya wuni kafin a ɗiba, domin datti ya kwanta. A ɗan karkata shi, kada a ɗebo daga can gindi. Kada a bar shi a tsaye a waje ruwan sama ya taru a kan murfinsa. A cika tankin mota da yamma bayan an tashi aiki, domin tankin da ya kwana rabi yakan yi gumi ta ciki in dare ya yi sanyi, gumin nan kuwa ruwa ne. Kada kuma a ajiye man gas a cikin abin da aka shafe da farin ƙarfe irin na kwanon rufi, gama man yana cin shafen ya kai shi nozul.

Sauran zancen bututu. Tiyon ban ruwa da farin tiyon magina ba na mai ba ne, man gas yana busar da su su tsage cikin 'yan watanni. Farin tiyon nan da na ce a yi gwaji da shi ma, a cire shi in an gama. A sayi tiyon mai na ainihi, faɗinsa ɗaya da na asali, a ɗaure bakinsa da kilif, ba da waya ko robar tayar keke ba. Bututun jan ƙarfe ma ba a so, yana ɓata mai, girgiza kuma tana karya shi. A nisanta tiyo daga salansa da farfela.

Bututun komawa tanki, shi ne wanda aka fi rainawa. Wasu sukan toshe shi wai don a rage shan mai. Ba ya rage ko cokali, domin man da ke bi ta nan tanki ya ke komawa, yana kuma ɗauke da zafi da iska daga injekta. A bakinsa akwai wani noti mai 'yar ƙaramar huda, an rubuta OUT a kansa, kamarsa ɗaya da na shiga amma aikinsu dabam. In yaro ya musanya su wajen mayarwa, mota za ta rasa ƙarfi, a yi ta neman aljani. Masu tanki biyu kuma su tabbata man yana komawa tankin da a ke sha daga gare shi. In ana sha daga na baya yana komawa na gaba, na gaban zai cika ya yi ambaliya a kan hanya, kana tafe kana zubar da kuɗinka ba ka sani ba.

Duk wannan bayani a kan tsofaffin injuna ne. Da yawa cikin Hilux masu gas da suka fito daga wajen 2005 zuwa yau suna da inji mai kwamfuta, irin su 1KD da 2KD, da 1GD da 2GD da suka biyo baya a 2015. Tsohon nozul yana buɗewa da ƙarfin wajen 2,000 a awon mai faci, waɗannan kuwa suna wuce 20,000. Filtarsu ta fi ƙanƙantar ido, ruwa kaɗan ya isa ya lalata nozul huɗu, kowane ɗaya kuwa da tsadarsa. A kan filtarsu akwai abin da ke kunna fitila in ta toshe, da jin nauyin tsotso ya ke aiki, in ka sa famfo yana turowa daga baya ka rufe masa baki ke nan. Irin waɗannan, ban da kwalbar tare ruwa wadda wanda ya san aikin zai ɗaura, a bar su yadda suka zo. Ina kuma roƙon yaran gareji, don Allah kada ku sassauta bututun nozul inji yana aiki kamar yadda kuka saba yi wa tsofaffi, kada kuma ku laluba yoyo da yatsa. Man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata ya shige cikin nama, ciwon ya yi kamar tsinin allura, amma in ba a kai mutum asibiti nan da nan ba yana iya rasa yatsan ko hannun.

Ban ɗora wa kanikawa laifin duka ba. Mai mota ne ke tsaye a kansu yana cewa kasuwa za ta tashi, bin tiyo kuwa yana cin rabin yini, ba a kuma biyan mutum ladan bincike, sai an ga ya ɗaura sabon abu. Ku masu motoci, ku biya bakanike kuɗin nemo ciwo ko da zoben roba kaɗai ya canja. Ku masu sai da kayan gyara, in an zo sayen famfo ku tambaya wace mota za a sa wa, kada ku miƙa na fetur don shi ne a kusa. Ku kuma akawunan ƙungiyoyin manoma da na kamfanoni, masu rubuta takardar biyan gyara, in an kawo muku rasit na ƙarin famfo, ku tambaya yaushe aka canja filta, an kuma yi gwajin kumfa ko ba a yi ba.

Motar Alhaji ta dawo aiki kafin damina. An sa mata sabon tiyo daga tanki, da sabon kan filta mai famfon hannu, da kwalbar tare ruwa a jikin bodi inda direba zai gani in ya buɗe gaba. Ba a mayar da famfon ba, tana kuwa tashi da murzawa ɗaya. Ranar Juma'ar farko da direban ya murɗe gindin kwalbar a gabanmu, ruwan da ya fito ya kai rabin kofin shayi, daga jarkokin mako guda. Alhaji ya sa an sayo sabon mazurari mai rariya, ya kuma hana sayen mai a wurin da ya saba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan ajiyar albasa.